Kiran da Ba a Ɗagawa

Ranar wata Asabar ce da yamma, cikin zafin Afrilu, ina zaune a gidan kallon ƙwallo da ke bayan kasuwar Samaru, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. A daidai lokacin ƙungiyarmu ta jefa ƙwallo a raga, amma babu wanda ya tashi tsaye. Alƙalin wasa ya ɗora yatsa a kunne yana sauraron masu duba na'ura, mu kuma muna zaune muna fifita da kwali, muna jiran hukunci. Na ciro wayar, na ga lambar yayana ce. Ban ɗaga ba. Murmushi na yi, na juya fuskarta na nuna wa mai naman da muka daɗe muna zama benci ɗaya da shi.

"Ka gani? Ya dawo," na ce.

"Ya dai yi gaggawa," in ji mai nama. "Bari su ja layin nan nasu, ka ga yadda za a ƙwace muku ita."

Wayar ba ta katse ba. Shekara da shekaru kiran Yaya a lokacin wasa bai taɓa wuce ƙara ɗaya ba, amma wannan ya yi ta bugawa har ya yanke don kansa, ya sake shigowa. Na tsallake ƙafafun mutane na fita waje, na tsaya nesa da janareto, na toshe kunne ɗaya da yatsa. Muryar matarsa ce.

"Auta, ka zo gida. Yayanka ya rasu."

Ban koma ciki ba. Hulata ma a kan benci na bar ta. Na tari bas ɗin Sabon Gari, na zauna a gefen taga da wayar a hannu. Muna wuce Kwangila wani yaro ɗan makaranta a kujerar baya yana kallon wasan a wayarsa, yana tsaki. Na juya fuskata waje.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane dalilin da ya sa na ƙi ɗaga kiran ɗan'uwana, har na yi murmushi.

Yaya ya girme ni sosai. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ina firamare, shi kuma ya riga ya fara koyarwa, malamin motsa jiki ne a wata makarantar firamare a Sabon Gari. Shi ya ɗauke ni, a ɗakinsa na girma, shi ya kai ni har na gama sakandare, shi kuma ya haɗa ni da wanda ya koya mini gyaran famfo da ya ga karatun bai karɓe ni ba. Mutum ne marar yawan magana. In ya tambaye ni "Ka ci abinci?" na ce na ci, to hirar ranar ta ƙare ke nan. Ina jin nauyinsa kamar na uba, kuma har ya bar duniya ban taɓa zama kujera ɗaya da shi na miƙe ƙafa ba.

Wuri ɗaya kawai nauyin nan yake sauka, shi ne wajen ƙwallo. Akwai wata ƙungiya ta ƙasar Turawa da ya ɗauka tun yana saurayi, ta rediyo ya san ta kafin ya taɓa ganin launin rigarta. Ni ban zaɓe ta ba, gadonta na yi kamar yadda na gaji tsofaffin wandunansa. Da gidajen kallo suka bazu, mukan je na wani mutumin kudu da ke kusa da PZ. A can ne na fara ganin Yaya ya yi tsalle. Ranar da muka ci wata ƙwallo ana dab da tashi, ya rungume ni har ya ɗaga ni sama, sannan ya sauke ni, ya gyara wuyan rigarsa kamar babu abin da ya faru. Muka koma gida a ƙafa.

Da na yi aure na koma Samaru, saboda a nan aikina yake, gidajen hayar ɗalibai ba sa rabuwa da fashewar bututu. Tsakanin Samaru da Jushi, inda Yaya ya gina gidansa, ba wata tafiya ba ce, amma ga aiki, ga yara, ga hidimar coci, kowa da tasa ikilisiyar. Muka daina kallo tare. A lokacin ne wayar hannu ta shigo, shi kuma ya ƙirƙiro abin da ya zama al'adarmu. Duk sa'ad da ƙungiyarmu ta ci ƙwallo, zai yi mini filashin, ƙara ɗaya ya katse. Ba mu taɓa zama mun tsara shi ba, amma dokokinsa a bayyane suke: ba a ɗagawa, ba a mayar da kira, ba a kuma tayar da zancen in an haɗu. In an ci mu, shiru. In muka ci uku, wayata za ta yi ƙara sau uku. Wani lokaci ina ƙarƙashin wani wurin wanke-wanke da sifana a hannu, ban samu zuwa kallo ba, sai in ji ta motsa a aljihu, in san abin da ya faru.

Akwai shekarar da muka saɓa a kan gonar mahaifinmu ta ƙauye. Shi yana so a ba wani kawunmu ya ci gaba da nomawa, ni ina so a raba. Na faɗa masa maganar da ba ta dace ba a gaban mutane, muka yi watanni ba ma gaisawa. Matata ta yi ta cewa in je in ba shi haƙuri, na kasa. Amma duk tsawon watannin nan, ranar Asabar in ƙwallo ta shiga, wayata sai ta yi ƙara. Da ƙarar nan na san bai yar da ni ba, da ita kuma na samu ƙarfin zuwa na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Tashi, wa ya ce maka ana fushi?" Maganar gona ta mutu daga nan.

Bayan koyarwa, Yaya alƙalin wasa ne, irin na unguwa. Shi yake hura wasannin matasan coci-coci da na makarantu, a filayen da babu ciyawa, inda ake zana layi da toka. Yana da baƙar riga da ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, da usur da ya ɗaure da igiyar takalmi. An zage shi ba adadi. An taɓa jifansa da ledar ruwa, an taɓa raka shi har bakin titi da ihu. Shi ya sa a gidan kallo bai taɓa zagin alƙali ba. In kowa ya tashi yana cewa "Ɓarawo! An saye shi!" sai ya ce, "Ido biyu gare shi kamar kai, kuma shi da gudu yake kallo, kai kana zaune."

Ba wai ba ya kuskure ba. Ina saurayi ina tsaron baya a ƙungiyar matasan cocinmu, ya taɓa ba da fenareti a kaina alhali ko taɓa yaron ban yi ba. Aka fitar da mu daga gasar. Sai bayan na haifi 'yata ta fari ya ce mini, muna cin gyaɗa a ƙofar gidansa, "Ranar nan ban gani da kyau ba."

"To me ya sa ka busa, Yaya?"

"Na riga na busa. In an busa an busa. Ku kun samu abin faɗa har yau, su sun samu kofi. Kowa ya tafi gida da wani abu."

Da aka kawo na'urar nan da ake kira VAR, wadda wasu mutane suke zama a wani ɗaki suna maimaita hoto don su gyara wa alƙali hukunci, Yaya na cikin waɗanda suka yi murna. Ya ce an tausaya wa alƙalai, yanzu mutum zai kwana ba tare da an zagi mahaifiyarsa ba. Ni ma na yarda da shi, don mun sha ganin an ci mu da hannu ko da satar gida ƙiri-ƙiri.

Wasa na farko da abin ya taɓa mu, ina gidan kallo a Samaru. Ɗan wasanmu ya doka ta shiga, muka tashi, benci ya kife, wayata ta yi ƙara. Muna cikin tafawa sai muka ga alƙali ya tsaya. Aka yi ta maimaita hoto, aka ja wani layi ja da wani shuɗi, aka ce kafaɗar ɗan wasanmu ta wuce. Aka soke. Muka tayar da benci muka zauna. Da aka tashi daga wasan, Yaya ya kira ni, kira na sosai.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kiran nan na ɗazu, ka goge shi."

"Ta ina ake goge kiran da ya riga ya shigo?"

"Ka dai goge," ya ce, ya kashe.

Na yi dariya a ranar. Na ba mai nama labari, shi ma ya yi ta dariya har da buga cinya. Shi wata ƙungiya yake goyon baya, abokiyar gabar tamu, kuma ba shi da aiki sai tsokanata. Daga ranar in an soke mana ƙwallo sai ya leƙo aljihuna ya ce, "Mai famfo, a goge, a goge."

Abin ya faru sau da yawa, har Yaya ya canja dabara. Ya daina bugowa da ƙwallo ta shiga, sai ya jira alƙali ya nuna tsakiyar fili. Kiran yakan iso bayan na riga na tashi, na zauna, na yi jira, zuciyata ta huce. Yana zuwa kamar barka da Kirsimeti a ƙarshen Janairu. Ina jin daɗinsa duk da haka, amma na san ba irin na da ba ne. Na da, yatsansa ne yake rigan tunaninsa. Wannan kuwa na mutumin da ya tsaya ya tabbatar ne.

Sai kuma dokar taɓa ƙwallo da hannu. Yaya mutum ne mai son ya san doka, don yana koya wa yara. Kowace sabuwar kaka sai ya nemi wanda zai karanta masa abin da aka canja. Bana a ce in ƙwallo ta taɓa hannu ko ba da gangan ba laifi ne, baɗi a ce sai an duba yadda hannun ya buɗe, wata shekarar a ce ya danganta da ko mai kai hari ne ko mai tsaron baya. Ya taɓa tsayawa a tsakar gidansa yana nuna mini da jikinsa, ya ɗaga hannu, ya sauke, ya maƙale shi a baya.

"Haka laifi ne. Haka ba laifi ba ne. Haka kuma bara laifi ne, bana ban sani ba. In yaro ya tambaye ni me zan ce masa? Ya yanke hannun ya bar shi a gida?"

Matarsa tana tankaɗe a gefe ta ce, "Ka sauke hannun nan kafin maƙwabta su ce aljanu sun kama ka."

Abin da ya karya shi bai faru a talabijin ba, a filin unguwa ya faru. Ina wurin. Wasan matasa ne tsakanin cocinsu da wani coci na Hanwa. Ya busa satar gida, ya hana wata ƙwallo da wani yaron Hanwa ya ci. Sai wani matashi ya rugo gabansa, ya zana akwatin talabijin a iska da yatsunsa, kamar yadda alƙalan Turai suke yi in za su je duba na'ura. Fili ya kwashe da dariya. Yaya ya ce, "Ni ba ni da talabijin, ido gare ni. Koma wurinka." Amma kafin a ci gaba, wani daga cikin 'yan kallo ya shigo fili da waya, ashe ya ɗauki hoton wasan. Suka kewaye shi, suka tura masa wayar a fuska. Ya kalla. Yaron bai yi satar gida ba.

Na ga ya tsaya da usur a hannu, yana duban ƙasa. Bai janye hukuncin ba, ya ce an riga an busa. Aka ƙarasa wasan cikin gunaguni, kuma wannan karon babu wanda ya zage shi, dariya kawai suke yi, duk inda ya juya wani yana zana masa akwati. Da muka fito ya ce mini, "Zagi ya fi wannan sauƙi." Bai sake hura wasa ba. Ya ce gwiwa ce, kuma gaskiya gwiwar tana damunsa, ga hawan jini da aka gano masa a shekarar. Amma na san ba gwiwa kaɗai ba ce.

A gidan kallonmu na Samaru ma abubuwa sun canja, ko da yake ba zan iya rantsewa cewa na'ura ce ta jawo ba. Dattawan da muke cika bencin baya da su sun ragu. Wani ya ce idonsa ne, wani ya ce yanzu a wayar ɗansa yake gani, wani bai ce komai ba, mun dai daina ganinsa. Ɗaliban da suka cika gaba kuwa yawancinsu ba ƙungiya suke bi ba, caca suke yi, suna kallon talabijin uku a lokaci ɗaya, suna ihu da Hausa da Turanci a cakuɗe. Mai nama ya sha rantsuwa cewa ya bar kallo. "Wallahi na gama, wannan ba ƙwallo ba ce, shari'a ce," zai ce, ya kaɗe riga ya fita. Asabar mai zuwa zan same shi ya riga ni zama. Don haka ban ɗauki masu cewa za su bari da muhimmanci ba. Yaya kuwa bai taɓa cewa zai bari ba.

Bayan sabuwar shekarar da ta wuce, kiran ya tsaya. Muka ci wata ƙungiya biyu da nema, wayata shiru. Na ce ko an ɗauke musu wuta ne, caji ya ƙare. Mako na gaba ma shiru. Na uku na kasa haƙuri, ranar Lahadi bayan sujada a coci na hau bas na tafi Jushi. Na same shi a baranda, a kujerarsa ta roba, yana ɗinke wa jikansa takalmi. Na gaishe shi, na zauna a kan turmi da aka kife. Muka yi zancen sanyi, muka yi zancen taki. Sannan na karya dokarmu.

"Yaya, kwana biyu ban ji ka ba."

Bai ɗago ba. "Na gaji, Auta."

"Jikin ne?"

"Jiki da sauƙi. Jiran ne ya gajiyar da ni. Ƙwallo ta shiga, ka ga ta shiga da idonka, sai a ce ka riƙe murnarka tukuna, wasu suna dubawa. Ni ban iya ajiye murna in dawo in ɗauka ba. In na ajiye ta, ko an ce in ɗauka ba na samunta a inda na bar ta."

"Amma ƙungiya me ta yi maka? Ba su suka kawo dokar ba. Su ma cutarsu ake yi."

"Ba su yi mini komai ba."

"To don alƙali ya ɓata maka rai sai ka bar yaran da ka bi tun kafin a haife ni?"

"Waɗanne yara? Waɗanda na fara bi sun tsufa, wasu sun mutu. Riga ce kawai ta rage, ita ma kowace shekara sai sun canja ta." Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "Na zauna na yi tunani, me nake bi tun da? Na ga ashe ɗan lokacin nan ne, da ƙwallo za ta taɓa raga ka manta ko kai wane ne. Shi suka ɗauke. Sun bar mini sauran."

"Ai sun rage zalunci, Yaya. Kai da bakinka ka ce an tausaya wa alƙalai."

"Na faɗa. Kuma gaskiya ne, ba na janyewa. Yaron nan na Hanwa bai yi satar gida ba, ni na cuce shi. Na'ura ta fi ni ido." Ya ajiye takalmin. "Ban ce sun yi kuskure ba. Na ce na gaji."

Matarsa ta fito da kwanon kunu ta ajiye tsakaninmu. "Ku dai ku biyu kuna ta makokin Turawan da ba su san an haife ku ba. Auta, sha kunu. In ya bar ƙwallon nan ni na huta, ko jininsa ya sauka."

Abin da nake so in tambaye shi bai wuce kalma uku ba: to ni fa? In ya bar ƙungiyar, ban san ta inda zan riƙa jin sa ba. Ba mu iya hira ba, ba mu koya ba, kuma mun tsufa da koyo. Amma ba a yi mini tarbiyyar da zan dubi Yaya in faɗi haka ba. Sai na ce, "Ke nan ka fita?"

Ya ce, "Ban ce na fita ba. Bari kakar nan ta ƙare. In ta ƙare zan faɗa maka ko ina ciki ko na fita."

"Kafin nan fa?"

"Kafin nan kada ka jira kira."

Na jira duk da haka. Kowace Asabar wayar tana aljihun gaba, inda zan ji motsinta. Na kai masa ziyara wasu lokuta a tsakanin, ban sake tayar da zancen ba, shi ma bai tayar ba. Na lura dai ƙaramin rediyonsa, wanda yake jin sharhin wasa da shi in babu wuta, yana nan a kan kujerar katako kusa da inda yake zama. Ban san ko labarai kawai yake ji da shi ba.

Shi ya sa ranar Asabar ɗin nan, da na ga lambarsa daidai lokacin da ƙwallo ta shiga, tun alƙali bai yanke hukunci ba, na ɗauka amsar ce ta zo da wuri. Na ɗauka yatsansa ne ya sake rigan tunaninsa. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba, na ɗan lokacin da wayar take bugawa.

Da na isa Jushi matan zumuntar coci sun riga sun cika tsakar gida, suna waƙa a hankali. An shigar da shi ɗaki an lulluɓe shi. Na buɗe fuskarsa na duba, na mayar. Kujerarsa tana baranda inda take kullum, ga rediyon a gefe, a kashe. Mutane da yawa sun riga ni shiga gidan, kowa zai iya kashe shi.

Sai washegari matarsa ta samu ta yi mini bayani. Ta je kasuwa ta bar shi lafiya, an ɗauke wuta, ya ce zai zauna a waje ya sha iska. Da ta dawo ta same shi a kujera, kansa ya karkata, ta ɗauka barci ne. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba, ta ce ya riga ya tafi.

"Wayar tana kan cinyarsa," ta ce. "Ina taɓa ta sai ga lambarka a buɗe. Shi ya sa kai na fara kira, ban ma yi tunani ba. Ka yi haƙuri, na san kana wajen kallo."

Na ce babu komai. Na yi ta juya maganar a raina tun daga ranar. Mai yiwuwa ya buɗe lambar ya ajiye ne yana jiran ƙwallo, kamar yadda ya saba. Mai yiwuwa ya ji jikinsa ba daidai ba, ya so ya kira ni in zo. Mai yiwuwa kuma hannunsa ne ya danna ba da niyya ba.

Aka yi jana'iza, mutane suka zo fiye da yadda muka zata. Waɗanda suka ɗauki akwatin yawancinsu yaran da ya koyar ne, wasu da furfura. Wanda ya zana masa talabijin a iska yana cikinsu, ya yi kuka sosai. Ana zaman makoki sai ga mai nama ya zo tun daga Samaru, da hulata a hannu. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya yi mana ta'aziyya yadda musulmi suke yi, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya sa ya huta. Ya daɗe a zaune. Da zai tafi na raka shi bakin titi, ya tsaya yana gyara hularsa.

"Mai famfo, ban san ko ya dace in faɗa ba."

"Faɗi, Malam."

"Ƙwallon nan. Sun daɗe suna dubawa, amma sun bar muku ita. Da ita kuka ci wasan."

Na gyaɗa kai. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya tari acaɓa ya tafi.

Kakar ta ƙare a watan Mayu, ban kalli ko ɗaya daga wasannin da suka rage ba. Da aka fara sabuwa, matata ta ce in je, zaman gida ba zai dawo da shi ba. Na je. Mai nama ya matsa mini wuri, bai tsokane ni ba, kuma rashin tsokanar ya fi damuna. Muka ci ƙwallo, alƙali ya ɗora yatsa a kunne, ɗaki ya yi tsit. Sai na ga hannuna a kan aljihu. A da jiran nan haushi kawai yake ba ni. Yanzu a cikinsa nake jin muryar matar Yaya, kuma babu wasan da ba a yin sa. Na tashi na fita tun ba a yanke hukunci ba.

Tun daga nan wata Asabar in je, wata in ƙi. In na je nakan tsaya a bakin ƙofa, kusa da labule. Ɗalibai suna tambayata ko har yanzu ina ƙungiyar, in ce ina nan. Ban sani ba ko gaskiya nake faɗa. In na daina zuwa gaba ɗaya, za a ce na'ura ce ta kore ni, kamar yadda muka faɗa a kan dattawan bencin baya, kuma ba zan iya cewa ƙarya ne duka ba.

Kowace Lahadi bayan sujada ina zuwa Jushi in gaida matar Yaya, in duba mata famfo ko da bai lalace ba. Rediyon yana kan kabad a falo, ta rufe shi da ɗan ƙyalle. Ita ce ta fara shiga gidan ranar, ita kaɗai ta san ko a kunne ta same shi, da kuma abin da yake faɗa. In wasa yake ji, na samu amsata. In a kashe yake, ita ma amsa ce. Nakan shirya tambayar a cikin bas tun daga Samaru, in isa, in sha kunu, mu yi zancen jikoki, in yi sallama.

Har yau ban tambaye ta ba.